Lambar Hamma

Mubi,
9 ga Fabrairu, 2016

Zuwa ga maiɗakina Mairama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen Belel. Yaya ƙafar taki? Bobboi direba ya ce ya hango ki kina ɗingishi a bakin rijiya, ke kuwa ko za ta guntule ba za ki faɗa ba. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Tunda kin rantse ba za ki sake riƙe waya ba, ga ni na koma takarda da biro, sai ki yi haƙuri da rubutun tela.

Maganar 'yarki Khaulat ce ta sa na zauna rubutu. Yarinyar nan kuɗi ba sa kwana a hannunta. Kowace Litinin nakan ba ta na keke da na kalaci na mako guda, kafin Laraba wayam. Na ɗauka hoda ce da janbaki irin na sa'o'inta, shekara sha shida ai ba a rasa wannan. Ashe ba haka ba ne. A ƙasa take zuwa makaranta, har tsallaken mayo, wato kogi, ta dawo leɓe a bushe. Kwaji mai sayar da katin waya a bakin layinmu shi ya fasa ƙwan, har yana yi mini murna da Hausarsa, wai yarinya nawa ba ya wasa da kati.

Kati, Mairama! Abin da ba a ci, ba a sawa a jiki. Ni kuwa ina duƙe kan keken ɗinki tun safe, garin bai gama farfaɗowa ba, waɗanda suka dawo faci suke kawowa, ba sabon yadi ba.

Na zaunar da ita, wallahi ban ɗaga murya ba. Na ce daga yau kullum zan riƙa ba ta na ranar, kati kuma na naira ɗari, ranar Juma'a kaɗai. Ta sunkuyar da kai ta ce to. Irin to ɗin nan taki ce ta gado, wadda ba a sanin abin da ke bayanta.

Ba kuɗin ne ke cin raina ba. Wa take kira? Ban taɓa jin tana hira da kowa ba. Tun ranar da 'yan bindiga suka shigo muka gudu daga garin nan, ranar da yayanta ya fita kasuwa bai dawo ba, ita kaɗai ta rage mana. Kin san yadda ake yaudarar yara ta waya a zamanin nan. In ita ma ta kuɓuce mini, ban san zaman me zan yi a gidan nan ba.

Ɗaki uku, mutum biyu. Ki yi tunanin dawowa.

Mijinki,
Zailani

Mubi,
15 ga Maris, 2016

Mairama,

Sallama da gaisuwa. Ina fata zafin bana bai takura wa Inna ba, ki gaishe ta da kyau. Bobboi ya zo sau huɗu hannu rabbana, har na fara jin kunyar tare shi a tasha.

Abin ya wuce inda na bar miki shi. 'Yan kunnen da kika ba ta ranar da za ki tafi, masu ɗan jan dutsen nan, babu su. Na lura da kunnenta fayau, na tambaya, ba ta yi mini ƙarya ba, ta ce ta sayar. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi mata ba. Na karɓe wayar na duba. Suna ɗaya ne tun daga sama har ƙasa: Hamma, Hamma, Hamma. Safe Hamma, rana Hamma. Kuma ba kira kaɗai ba, har katin ma shi take tura wa. Kin ji mutumin banza? Namiji da gemunsa ko babu, ya zauna 'yar makaranta tana ciyar da wayarsa da kuɗin kalacinta!

Rabin samarin Mubi Hamma ake ce musu, ta ina zan fara? Na tsare ta ta faɗa mini ko ɗan gidan wa ne, ta kafe ni da ido hawaye na zuba. Na kira lambar a gabanta, a kashe. Na sake kira washegari, a kashe. Matsoraci ne, ya ji labari ya ɓuya.

To na yanke. Wayar tana cikin aljihun keken ɗinki, na sa makulli. Sannan na faɗi kalmar da ban taɓa zaton zan faɗa wa ɗan da na haifa ba. Na ce in ta sake sayen kati, ko na naira hamsin, da kuɗina ko da na wani, ban yafe ba. Sai da ta dafa bango.

Na san za ki ce na yi tsanani. Da kina nan da ke za ki yi, da dabararku ta mata. Ni abin da na iya ke nan, in auna in yanka.

Naki,
Zailani

Mubi,
20 ga Ramadan

Mairama,

Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada. Yaya jikin Inna, yaya ƙafa?

Albishirinki, na yi nasara. 'Yarki ta zama abin misali. In na ba ta ɗari biyu, sai ta dawo mini da canji ta ajiye a kan keke. Kwaji har tambaya yake ko ta yi tafiya. Maƙwabcinmu Ezekiya ya ce in koya masa sirrin, nasa yaran sun gagare shi.

Ban san me zan koya masa ba. Gidan ya yi tsit. In an kira magariba takan jera mini kunu da ƙosai a tabarma, ta ce a sha ruwa lafiya, ta shige ɗaki da nata kofin. Ina jin ƙarar cokalinta ta bango. Na ɗinka mata kayan salla, leshi mai ruwan ganye, kwana uku ina yi. Ta karɓa hannu biyu ta yi godiya kamar wadda ta zo karɓar ɗinki a shago.

Sau ɗaya ta yi mini magana mai tsawo. Shekaranjiya tana wanke-wanke, ba tare da ta juyo ba, ta tambaye ni me ya sa ba a faɗin sunan yayanta a gidan nan. Na ce ai ɗan fari ne, ni da ke ba mu taɓa kama sunansa ba tun ranar suna, kunya ce irin tamu, ba ƙi ba. Na ce kuma mun yi masa sadaka da ya cika shekara, maganar a bar wa Allah. Ta ce to.

Mairama, ina jin kaɗaici, na faɗa miki ba kunya. Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Zailani

Mubi,
25 ga Oktoba, 2016

Zuwa ga Mairama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Takardarki ta iso Talatar da ta wuce. Ban ga laifinki ba da kika ce kin tara wasiƙuna cikin kwalla ba ki buɗe ba sai makon jiya, don tsoron abin da za ki tarar a ciki. Da ma kin buɗe da wuri. Da ma ni na yi tunani.

Layi ɗaya kika rubuta a kan maganar, na karanta shi ya fi sau ashirin. Kika ce, wa take da shi a duniya da za ta kira Hamma?

Innalillahi. Shekara ashirin ina zaune da Bafillatana, na san sarai hamma shi ne yaya a bakinku. A gabana Yaya take ce masa, shi ya sa ban gane ba. Sai da na karanta na tuna, in suka je wajen Inna suna Fillanci, ko in tana son ya saya mata wani abu, Hamma take ce masa. Lambarsa kuwa ban haddace ba, wata biyu kacal ya yi da wayar kafin gudu, tawa kuma ta faɗi a daji. Na ga sunan ɗana da idona, na kira shi mutumin banza.

Na tafi wajen Kwaji ko hula ban sa ba. Ya ce shi ya ɗauka na sani. Tun dawowarmu ta tambaye shi ko gaskiya ne layin da aka daɗe ba a sa masa kuɗi ba kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani. Ya ce mata haka ne. Tun ranar take tura wa yayanta kati, don kada a karɓe layin, kuma don duk ranar da ya samu ya kunna wayar, a duk inda yake, ya tarar da abin kiran gida. Kalacinta ke nan, da kuɗin kekenta, da 'yan kunnenki. Ni kuma na zo na ɗaure ta da ban yafe ba, wata bakwai cur.

Na dawo gida bayan azahar, na buɗe aljihun keke, na sa wayar a caji. Na tsaya a tsakar gida na kira lambar Hamma.

Mairama, ta shiga. Wayar da shekara biyu take a kashe, na ji tana ƙara. Aka ɗauka. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce Yazid. Na ce Yazid, Babanka ne. Sau uku na faɗa, da ƙarfi, har Ezekiya ya leƙo ta katanga.

Muryar mace ce. Ta yi wani yare da ban sani ba, sannan ta juya Turancin kasuwa, ta ce ita a Fatakwal take, watan jiya ta sayi layin, ba ta san wani mai wannan suna ba. Ta kashe.

Da na juyo, Khaulat tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ta ji komai. Ba ta yi kuka ba, ni ne na yi. Abin da ta ce kawai, ashe bakina ya iya sunan.

Na janye kalmata a take, na ce na yafe duniya da lahira, na roƙe ta ita ma ta yafe mini. Ta ce ba komai, Baba. Na zaro duk abin da ke aljihuna na miƙa mata, na ce ta je wajen Kwaji ta sayi na yadda take so. Ta dubi kuɗin, ta tambaye ni wa za ta tura wa. Suna nan kan keken ɗinki yau kwana bakwai, ba wanda ya taɓa.

Ban sani ba ko yana raye. Ban sani ba ko da zai taɓa kunna wayar. Abin da na sani, ƙofa ɗaya ce yarinyar nan ta riƙe masa a buɗe da yunwar cikinta, ni na rufe ta da hannuna, ina ganin tarbiyya nake yi.

Jiya ta fito da kofinta ta zauna a bakin tabarmata. Ta ba ni labarin yadda yake sace mata tsire a faranti, ya ce kyanwa ce. Mun ambace shi har la'asar ta kusa wuce mu. Amma akwai abin da uwa kaɗai ta sani game da shi, ni ba ni da amsarsa, kuma tana tambaya.

Na kama miki kujerar gaba a motar Bobboi ranar Laraba, saboda ƙafarki. In ba ki shigo ba, zan sake kamawa Laraba ta sama. Ki gaida Inna, ki ce ta sa mu a addu'a.

Ni ne mijinki,
Zailani, baban Yazid