Ba Zan Cire Gwaggo Ba

Gidan Dahala, Sakkwato

Zuwa ga Yayana Ubaidullahi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti Rahama da yara, Allah Ya ƙara rufa asiri a Fatakwal. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har tana fita barka da suna. Gwaggo Bara'atu ce dai jiki ya ƙi, tun bayan Sallah ba ta iya tashi sai an kama ta. Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya, kuma maganar da ka yi mini ranar Juma'a tana buƙatar amsa cikakkiya.

Ka ce in cire Gwaggo daga shirin tarihin da gidan talabijin ɗinmu zai nuna, domin ba a taɓa ganin fuskar matar gidanmu a bainar jama'a ba. Bari ka ji yadda ta shiga, don na san rabi aka gaya maka. Shirin a kan mutanen da suka sha ɗauri ne saboda siyasar adawa, tun zamanin da matan Arewa ba su da ƙuri'a. Da muka je babban gidanmu na Hubbare, sai muka yi abin da muke yi a kowane gida: aka shimfiɗa tabarma a zaure, Lawali mai ɗaukar hoto ya kafa kyamara, maza suka zauna. Baba Ladan ya gyara rawani ya yi bayani tiryan-tiryan, ya lissafo duk namijin da aka kulle a unguwar, har da waɗanda suka kwana ɗaya aka sako su. Gwaggo, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, tana kwance a cikin gida, bai ambace ta ba. Haka muka yi wata da watanni muna bin zaure zaure, muna cewa mun tattara tarihi.

Muna naɗe wayoyi na shiga gaida Gwaggo. Ashe tana jin komai ta taga. Ta tambaye ni ko injin namu ba ya wuce zaure ne, ko shi ma ba shiga aka ce masa. Na ce mai riƙe shi ne namiji. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce to ni hannuwana ado anka yi mini su? Wallahi Yaya, kunya ta kama ni. Na fita na karɓi kyamarar daga hannun Lawali, ya nuna mini inda zan danna, na koma ɗakinta ni kaɗai.

Ta ba da labarin yadda take tara mata a gidajen biki, idan an gama guɗa sai ta shigo da maganar ƙuri'a. Ta faɗi ranar da 'yan doka suka fito da ita, suka aske mata kai a bakin kasuwa da aska marar kaifi, mutane sun yi cincirindo suna kallo. Tana cikin magana ta sa hannu ta zame kallabinta da kanta, ta sunkuyo ta nuna tabon. Ni da nake yi mata kitso tun ina 'yar makaranta, ta sha ce mini faɗuwa ta yi a bakin rijiya. A nan hoton ma ya ɗan karkace mini, kuma ban yarda an gyara shi a wurin tacewa ba.

Na san ka kira shugabana, Malam Gazali, ka roƙe shi ya sa baki. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Ya ce idan iyali ba su amince ba, gara a bar muryarta a rufe fuskar. Na ce masa mai fuskar tana da rai da hankalinta, ita za a tambaya. Muka je tare, ya tsaya daga bakin ƙofa ya tambaye ta. Ta ce ranar da anka tuɓe mata kallabi a kasuwa, mazan gidanga suna nan da ransu, babu wanda ya fito da ko tsumma ya rufa mata kai, sai wata mai tallan fura. Ta ce lokacin da take buƙatar rufi ba ta samu ba, yanzu kuma ba ta so. Nan take Malam Gazali ya sa hannu a nuna shirin yadda yake.

Saboda haka Yaya, ba zan cire ta ba, ba zan rufe mata fuska ba. Kai ne babba, ban taɓa tsallake maganarka ba, amma wannan karon ta wadda ta girme mu duka na bi. Idan fushi za ka yi, ka yi da ni, zan ɗauka. Asabar mai zuwa bayan Magariba za a nuna, kuma za a sa a intanet. Mun riga mun kai talabijin ɗakinta. Ta ce ba za ta kalla ba sai an kira Baba Ladan daga zaure ya zauna kusa da ita, kuma jiya ya aiko a gaya mata zai shigo.

Ka gaida Anti Rahama da Jalaluddeen da 'yar autarku Atika. Mama da Uwani suna gaishe ku. Gwaggo ma tana gaishe ka, ta ce ka zaunar da Atika a gaba ranar Asabar, ta ga kan da aka aske kafin a bai wa mata ƙuri'a.

Ƙanwarka,
Nuriyya