Wanda Aka Haifa a Nan

Zuwa ga Hajiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan an yi aikin idon lafiya, ciwon kuma ya lafa. Ki gaida ƙaninki da iyalinsa, Allah ya saka musu da ɗawainiyar da suke yi da ke. Har yanzu ba a gyara wayar da ke tsakanin yankinmu da babban birni ba, shi ya sa na ba gadin jirgin ƙasa wannan takarda.

Albishirinki. Gwamnati ta amince a yi ƙuri'ar raba gardama bayan damina, mutanenmu su faɗa da bakinsu ko za su zauna da ita ko za su kafa tasu ƙasar. A falonmu kwamiti ya zauna, kan kujerun nan da kike hana mu ɗora ƙafa. Lauya ya kafe kan a karɓi ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai, a riƙa ƙarawa a hankali har a kai. Ɗanmu Injiniya da samarinsa suka ce sun gaji da zaman tebur, su hawa duwatsu za su yi da bindiga. Ni kuwa kin san inda na tsaya tun ina koyar da labarin ƙasa: akwati da layi, kowa ya dangwala ya koma gida da ransa.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne wa zai jefa ƙuri'ar. Samarin suna tsoron a cika jirage da mutane a kawo mana su rinjaye mu. Sai Allah ya ba ni jimla ɗaya: wanda aka haifa a wannan yanki shi kaɗai zai jefa. Kowa ya yi na'am, har wakilan gwamnati suka sa hannu. Da yake ba kya nan, wani shago na kai takardar aka buga, suka cika ta da kurakurai. Tafiretarki tana nan na lulluɓe ta da mayafinki.

Tun ranar nake yawo kamar ba a ƙasa nake taku ba. Da hantsi in na zauna bakin tagar kicin, sai in ga safiyar farko ta 'yancinmu. Ina ganin ma'aikacin gidan waya yana lasar kan sarki mai hoton duwatsunmu, yara suna zana taswira a allo ta cika shi tun daga wannan gefe har wancan, ba ɗan lungun da nake nuna musu da tsinin sanda ba. Ina ganinki a gabana a layi, kina yi mini faɗa na manta tabarau.

Ina ba tumatirinki ruwa. Ina kika ɓoye sukari?

Mijinki,
Malam

*

Malam,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, kowa yana amsawa. An cire yanar idon dama, yana naɗe da bandeji, da na hagu nake rubutu, don haka ka yi haƙuri da haruffan nan masu kama da tafiyar kaguwa. Sukari yana cikin gwangwanin da aka rubuta gishiri, na ɓoye maka ne saboda likita ya hana ka.

Labarinka ya riga takardarka isowa. Muna falo rediyo ya karanto jimlar taka mai daraja. Ƙanena ya kwashe da dariya har yana dukan cinya, ya ce, “Yaya, ashe duk wahalar nan ke ma 'yar kallo ce.” Na yi dariyar tare da shi don kada matarsa ta gane, sannan na shiga ɗaki na yi kuka da idon da aka hana ni jiƙawa.

Malam, a ina aka haife ni? Kai da ka koyar da labarin ƙasa har ka yi ritaya, nuna mini a taswira. A bayan gidan nan da nake zaune aka haife ni, a wannan birni da kuke son rabuwa da shi. Jirgin da ya kawo takardarka shi ya kai ni garinku ina amarya.

Abin da ya fi ba ni haushi, rabin masu shiga layin nan ni na karɓi haihuwarsu. Shekara da shekaru ina ungozoma a asibitin garin, ni ce shaidar cewa a nan aka haife su. Shi kansa Lauya ƙafa ya fara turowa, sai da na yi gumi kafin ya yarda ya fito, kuma ga shi har yau komai a hankali yake so. Su duka za su dangwala, ni in riƙe musu jaka a waje. Wace takarda ce ƙungiyar nan ta fitar da ba yatsuna suka buga ba? Lokacin da aka tsare ka, wa ya ci gaba da bugawa da tawul a ƙarƙashin tafireta don kada maƙwabta su ji? Sau ɗaya tak na bar gari, ka rubuta ni a waje.

Da yake an hana ni yawan karatu, yini nake a kwance ido rufe ina zaga garinmu. In fito daga ƙofar asibiti, in bi ta gaban mai gyaran keke, in gangara layin maɗinka inda kekuna ke ta surutu, in tsaya a kwanar da iskar duwatsu take ɗage wa mutum mayafi. Babu ramin da ban sani ba a hanyar nan. In na iso ƙofar gidanmu sai in tsaya, in rasa ko sallama zan yi irin ta baƙi.

Likita ya ce zai sallame ni kwanan nan. Kada ka je tasha jirana. Ina nan sai na san ko ni wace ce a wurinku.

Ka riƙa shan maganinka.

Hajiya

*

Zuwa ga Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, gaisuwar mai jin kunya. A tsaye na fara karanta takardarki, a ƙasa na ƙarasa ta.

Ba ni da hujja, sai gaskiya, ita ma ba ta da kyan gani. Wallahi mantawa na yi. Sa'ad da nake rubuta jimlar nan, fuskokin da nake son su jefa ƙuri'a nake kallo, taki ce a gaba. Ko kusa bai zo mini a rai cewa akwai wani gari da ya riga mu saninki ba.

Washegari na tara kwamiti, na nemi a ƙara waɗanda aure ya kawo. Lauya ya cire tabarau ya yi ta gogewa. Ya ce an riga an sa hannu, in muka buɗe sharaɗi ɗaya gwamnati za ta buɗe goma, ta ce duk mazaunin yankin ya jefa, ko kuma ta samu dalilin ɗage ranar zuwa abin da hali ya yi. Ya ce in gaya miki har yanzu ƙafa yake fara turowa, amma yana gaishe ki da girmamawa.

Injiniya ya jira sai da aka watse. Ya bi ni kicin, ya tsaya yana juya kofinki a hannu. Ashe shi ya lura tun ranar farko, ya rasa bakin gaya mini. Ya ce da wannan jimla kaɗai yake riƙe da samarin nan, da ita ya lallashe su suka fasa hawa duwatsu. “Baba, in aka taɓa ta, ba zan iya tsare su ba. Ni ma kuma ba zan bari su tafi su kaɗai ba.” Ya faɗi haka idonsa cike da hawaye, ya ajiye kofin a inda kike ajiye shi.

Kin ga inda nake. In na buɗe miki ƙofa, ɗanki zai fita ta cikinta ya nufi daji. In na bar ta a rufe, kina waje. Na yi shekaru ina zana wa mutane hanyoyi uku na samun 'yanci a allo, ban taɓa zaton dukansu ta tsakiyar falona za su bi ba.

Har mafarkin nawa ya canza. Yanzu in na zauna bakin taga, layin yana nan, rana tana nan, amma matar da ke gabana in ta juyo ba ke ba ce.

Ki dawo, ko faɗan ne ki yi mini a nan.

Mijinki,
Malam

*

Malam,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina fama da jama'a? An kwance bandeji. Ashe duniya haka take da kaifi! Na ga furfurar ƙanena ɗaya bayan ɗaya, na ga labulen matarsa yana neman wanki, na dai kama bakina.

Ka ce mantawa ka yi. Na yi kwanaki ina juya maganar nan, na rasa ko zagi ce ko kuwa ita ce magana mafi daɗi da ka taɓa gaya mini. Kai da ko a saurayi ba ka iya zance ba, sai labarin inda koguna ke fitowa.

Da sabon idona na fita ganin garin haihuwata, na ɓata a unguwarmu. Inda makarantarmu take an yi gidan mai. Kabarin mahaifiyata kaɗai na samu ba tare da tambaya ba. Na daɗe a tsaye a wurin, ina tunanin wata rana sai na nuna fasfo kafin in zo in yi mata addu'a. Kun taɓa kawo wannan a kwamiti? Ban ce ku fasa ba, so nake ku sani akwai masu biyan abin da ba a rubuta ba.

Da na dawo, wata maƙwabciya ta tare ni da tambayar me ya sa mutanen mijina suke son guduwa, me aka yi musu. Sai na ji bakina yana ba ta labarin asibitin da babu wutar lantarki alhali daga kogin yankin ake jawo wutar da take guga da ita, da matan da suka mutu a hannuna ana neman motar da za ta kai su birni. Ta ce, “Ke kuma da kike ta cewa mu, mu, ai ke tamu ce.” Na juya na shige gida.

Yanzu ka saurara. Kada ka taɓa sharaɗin nan. Samarin da ke son hawa duwatsu na san nauyin kowannensu ranar da ya zo duniya, ba zan yarda a kawo mini su a shimfiɗe saboda ƙuri'ata guda ba. Ka gaya wa Injiniya ban yi fushi da shi ba, ya daina aske kansa ƙwal kamar fursuna.

Da kai ne nake fushi, kuma ba don jimlar kaɗai ba. Duk tsawon zamanmu ka ba ni takardu na buga, ka kawo baƙi na dafa, amma ko sau ɗaya ba ka taɓa zaunar da ni ka tambaye ni ko ina son ƙasar nan taka ba. Ka ɗauka kawai. Don haka ina nan tukuna.

Allah ya tsare mana ku.

Hajiya

*

Zuwa ga Hajiya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barka da samun ido, Allah ya ƙara haske. Na isar da saƙonki, Injiniya ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

An fara kafa rumfuna a harabar makarantar da na koyar. Jiya da la'asar na je na zauna a tsohon ajina, rana ta shigo ta taga ta kwanta kan bencina. Daga nan ina jin ana gwada lasifika, ana koya wa tsofaffi yadda za su naɗe takarda. Abin da na yi ta jira tun ina da baƙin gashi ne yake haɗuwa a gabana da katako da ƙusa, amma raina ya ƙi tashi.

Na yanke shawara. Tunda ba zan iya shigar da ke layi ba, ni ma ba zan shiga ba. Ranar zan zauna a gida in rufe taga. Ƙuri'a ɗaya ba za ta rage su da komai ba, ni kuma ba zan iya dangwala yatsa a ƙasar da na fara ta da barin ki a waje ba.

Ga tambayar da na makara da ita. Hajiya, kina son ƙasar nan? In da an ba ki takardar, ina za ki dangwala? Ko me kika ce zan ɗauka, ko da ba shi nake son ji ba.

Tumatirinki ya nuna, na rasa wanda zan ba.

Mai jiran amsarki,
Malam

*

Malam,

Salamu alaikum. Kada ka kuskura. Ban lalata idona a kan tafireta don ka zauna a gida ka rufe taga ba. Ka yi wanka, ka sa farar rigarka, ka je da wuri kafin rana ta yi zafi.

Zan shigo jirgin farko bayan an faɗi sakamako, ka zo tasha. In ba ku ci ba, zan sauko kamar kullum, ba mai ce mini komai. In kun ci, wani yaro cikin waɗanda na karɓi haihuwarsu zai tsaya a bakin ƙofa da sabuwar hula, ya ce baƙuwa ta nuna takardarta.

Ka tambaye ni, ga amsa. Tun da na idar da sallar asuba nake roƙon Allah ya sa a tambaye ni takardar.

Sai na zo.

Matarka,
Hajiya