Amyoyin Baba Gaspar a Bayan Motata

Litinin, 2 ga Mayu, 1927
Bijimin Baba Gaspar, surukina, ya karye a ƙafa. Ba mai jan amalanke ke nan, ga bishiyar akasiya ta kusa fure a dajin Debrecen. In amyoyinsa ba su isa can ba, bana babu zuma. Na ce ga motata. Ya dube ta sama da ƙasa: "Wannan mai farfaɗiyar? Vendel, ƙudana ba duwatsu ba ne." A gaban 'yarsa Boriska, matata, fa!

Laraba, 4 ga Mayu
Ya ba ni amya ɗaya ta gwaji. Kafin gada saƙar ta farfashe, zuma na ɗiga. Harbi har cikin kunne. Baba ya ɗauke amyarsa ya juya, gara ma ya zage ni.

Asabar, 7 ga Mayu
Na gano! Sifirin ɗin baya ne, tsatsa ta manne ganyayensa sun zama ƙarfe guda. Na warware su, na goge, na shafa giris a tsakani, na cire ganye ɗaya don ya yi laushi. Sai motar ta koma tsalle kamar ɗan akuya. Boriska ta leƙo maƙera: "Maigida, miya ta huce, ko ita ma giris za ka sa mata?"

Litinin, 9 ga Mayu
Fatar linzami! Na ɗaure sifirin da ita, ya lotsa yadda yake so amma kada ya yi wurgi. Na ɗora bokitin ruwa, na bi gargadar bayan coci. Ko rigata bai jiƙa ba! Na yi ta ihu ni kaɗai, har Fada ya buɗe taga.

Talata, 10 ga Mayu
Fure ya buɗe. Baba ya ce da kansa zai raka ƙudan zuman. "In suka mutu, in ga wanda ya kashe su."

Laraba, 11 ga Mayu
Mun isa. Ya buɗe amyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ko saƙa ɗaya ba ta tsage ba! Abin da ya ce kawai: "Hanyar ce ta yi kyau bana."

A dawowa babu kaya, titi fetal, ƙafata har ƙaiƙayi take. Ina shirin taka totur na ji nauyi a kafaɗata. Barci ya kwashe tsohon, baki buɗe, hular ta zame. Ban san ya rame haka ba. Na sassauta ƙafa, muka taho a hankali.

Boriska ta tambayi abin da ya tsare mu har rana ta yi sanyi. Na ce inji ne ya yi zafi.