Baƙin Silin da ke Faifanki

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ɗa ke yi wa mahaifiya, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Wudil lafiya lau. Damina ta yi kyau, kogi ya cika har gindin gada.

Labarin takwararki Ummi na kawo miki, 'yata da kika bari tana rarrafe. Yanzu ɗaliba ce a jami'a, kuma hannunta ya faɗa da zane. Da ɗalibai suka shirya baje kolin zane-zane, ta ce ke za ta zana. Ta nemi hotonki, na ce babu. Kin san dalili. Duk ranar da mai hoto ya shigo ƙauyenmu Utai sai ki shige ɗaki, ki ce, "Wanda ya san ni ai ya san ni."

Ta ce to in kwatanta mata fuskarki. Inna, aikina ke nan a jarida, kwatanta abin da na gani, amma na kasa. Na tuna muryarki da tafiyarki, fuskar kuwa ta ƙi tsayawa. Abin ya tsorata ni. Idan ni ma ta ɓace mini, me zan bar wa jikokinki?

Sai Ummi ta ɗauko tsohon faifan da kika saƙa, wanda muke rufe tulu da shi, ta ce shi za ta zana. Ta fitar da ja da kore da ruwan ɗorawa tsaf, zagaye bisa zagaye. Na duba na ce ya yi kyau, amma ba naki ba ne. A zagayen ja na bakin faifan akwai sili ɗaya na baƙar kaba. Ita ta ɗauka kuskure ne, ta gyara miki.

Na ba ta labarin yadda kike rufe kwanon tuwo da faifai ki aika gidan haihuwa ko gidan rasuwa, inda fayafayai ke taruwa su cakuɗe. Kina cewa, "Nawa ba ya ɓata, ya san hanyar gida." Baƙin silin nan shi ke dawo da shi. Ummi ta yi dariya ta ce, "Ashe tsohuwar nan sa hannu take yi." Ta ɗauki burushi ta mayar da baƙin silin wurinsa a zanen.

Ranar baje kolin, wata dattijuwa daga Kausani ta rako jikarta. Ta daɗe tsaye gaban zanen, sannan ta nuna baƙin silin ta ambaci sunanki, sunan da ni ban taɓa iya faɗa ba. Ta ce, "Wannan faifan ya zo ɗakina bisa kwanon tuwo, ina jegon fari. Ina take?" Na gaya mata. Ta yi miki addu'a, ta dubi Ummi da kyau ta ce, "Ga goshinta nan kuwa, da idanun."

Na juya na kalli 'yata, Inna, sai na gan ki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kwanukan da kika aika gidajen mutane su tarye ki a mizani.

Ɗanki,
Baban Ummi