Kalma Ɗaya a Shari'ar Shanun Hammadu

Azare,
27 ga Nuwamba, 1988.

Zuwa ga ƙanwata Mabel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya karatu, yaya kuma zaman Ibadan? Allah ya ƙara miki basira, ya tsare ki a inda kike. Mu nan lafiya lau. Matata Roda ta warware daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, har ta koma koyarwa. Na leƙa gida Bogoro a watan jiya, na tarar Baba da sauƙi, sai dai ƙafar nan tasa da ba ta son sanyi. Mama ta ce in faɗa miki kullum kina cikin addu'arta.

Wani abu ne ya same ni a wurin aiki, kuma tun ranar nake son in ba ki labari, don ke ce mai karatun gwaje-gwaje a gidanmu. Kin san shekarata tara ina tafinta a kotun majistare. Alƙalin da muke da shi yanzu mutumin kudu ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, saboda haka duk maganar da za ta shiga kunnensa ko ta fito daga bakinsa, ta kaina take bi.

Makonni uku da suka wuce aka kawo wani manomi daga wani ƙauye a hanyar Gamawa, Malam Yelwa, dattijo mai kimanin shekara sittin. Wani makiyayi mai suna Hammadu ne ya kai ƙararsa. Shanunsa bakwai sun mutu rana ɗaya bayan sun yi kiwo a gefen gonar waken Malam Yelwa, kuma kowa ya san dattijon ya yi feshin maganin ƙwari a wannan makon. Da ma sun taɓa yin cacar baki a kan burtali, don haka 'yan sanda suka tuhume shi da zuba wa shanun guba da gangan. Laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Da aka karanta masa tuhumar, ya ce feshi kam ya yi, amma wakensa ya fesa, ba shanun kowa ba.

Sai aka kira likitar dabbobi da ta duba gawarwakin, Dakta Yakaka, wata 'yar Barno. Da Turanci ta ba da shaida. Mai gabatar da ƙara ya tambaye ta abin da ya kashe shanun, ta ce alamun da ta gani sun yi daidai da na dabbar da ta ci irin wannan magani. Mabel, ni a kunnena maganar ta ƙare ke nan. Na juya na faɗa wa jama'a da Hausa cewa likita ta ce gwaji ya tabbatar maganin feshi ne ya kashe shanun. Malam Yelwa ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago ya ce shi bai yi boko ba, ba zai yi gardama da masu ilimi ba. Tunda gwaji ya tabbatar, to ya amsa laifi. Na mayar wa alƙali da Turanci, ya rubuta, ya ce a tafi hutun rabin sa'a kafin ya yanke hukunci.

Ina tsaye a baranda sai ga Dakta Yakaka. Ashe tana jin Hausa sarai. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce Malam Obadiya, abin da ka faɗa ba shi na faɗa ba. Na ce ai ɗaya ne. Ta ce a wurinsu masu gwaji ba ɗaya ba ne ko kusa. In suka ce abu ya yi daidai da wani abu, suna nufin zai iya zama shi, zai kuma iya zama waninsa. Ta ce sai bayan kwana biyu da mutuwar shanun aka kira ta, gawarwakin sun kumbura cikin rana, abin da ta ɗiba ya lalace kafin ya isa ɗakin gwaji. Ta ce gyauron dawa, wato ɗanyen tohon da ke fitowa bayan girbi, shi ma yakan kashe shanu farat ɗaya, kuma a gawar da ta kwana biyu da wuya a rarrabe. Ba a tambaye ta wannan ba, shi ya sa ba ta faɗa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi tunanin in yi shiru. Alƙali bai ji kuskuren ba, ita kuma ta riga ta sauka daga akwatin shaida. Tafintan da ya ce ya juya magana ba daidai ba, a kan rantsuwa, yana iya rasa aikinsa, ga Roda ga yara. Amma ta taga ina hango dattijon a kan benci, ya cire hularsa ya riƙe, ɗansa yana karɓar 'yan makullan da ke aljihunsa. Da aka dawo na miƙe, na roƙi izinin magana, na faɗi abin da na yi, da Turanci sannan da Hausa.

Alƙali ya cire tabarau ya dube ni har na ji kamar in nutse. Sai ya soke amsa laifin, ya sa aka dawo da likita. Mai gabatar da ƙara ya matsa mata, ya ce ta ba kotu amsa ɗaya, e ko a'a. Ta ce in ta ce e ta yi ƙarya, in ta ce a'a ta yi ƙarya. Abin da aikinta ya ba ta shi ne mai yiwuwa. Ya ce kotu ba ta aiki da mai yiwuwa. A nan alƙali ya tsoma baki. Ya ce likita tana da damar ta bar tambayarta a buɗe har shekara goma, in sabuwar hujja ta zo ta canja magana, ba wanda zai ce ta yi laifi. Shi kuwa dole ya rufe tasa yau, da ɗayan kalma biyu, mai laifi ko marar laifi, kuma abin da ya faɗa shi zai sa mutum ya kwana a gida ko a kurkuku. Don haka doka ta ce in akwai sauran shakka mai ma'ana, ba a ɗaure mutum. Wannan karon na juya maganarsa a hankali, kalma bayan kalma. Ya sallami Malam Yelwa.

Hammadu ne ya ba ni tausayi. Ya tashi ya ce to shi me ya kashe masa shanu? Alƙali ya ce ba wannan aka tambayi kotu ba; an tambaye ta ko an tabbatar wannan mutum ya kashe su da gangan. Na ga maganar ba ta shige shi ba. Dakta Yakaka ce ta tare shi a waje, ta ce tambayarsa irin tata ce. Washegari ta bi shi har rugarsu, suka zaga inda shanun suka bi, suka tarar da wata gonar dawa da gyauro ya rufe. Har yanzu ba ta ce shi ne ba, ta ce ya fi yiwuwa. Amma Hammadu ya janye sauran garkensa daga wurin, kuma ko ɗaya ba ta sake faɗuwa ba.

Ni kuwa alƙali ya kira ni ofis, na shiga ina jiran takardar kora. Ya yi mini faɗa sosai, sannan ya ba ni aiki: in zauna da likitar mu rubuta irin waɗannan kalmomi na masu gwaji, da yadda ya kamata a faɗe su da Hausa, a raba wa sauran tafintoci. Mun kai talatin da ɗaya. Jiya mun kwashe sa'a guda a kan bambancin "ba a samu ba" da "babu". Don Allah ki tattaro mini waɗanda kuke amfani da su a ɗakin gwajinku, kowace da abin da take nufi da abin da ba ta nufi, ki taho da su lokacin Kirsimeti. Wata rana ke ma za a kira ki shaida, kuma ina so wanda zai juya maganarki ya fi ni sani.

Roda da yara suna gaishe ki. Ki miƙa gaisuwata ga Kawu Silas da iyalinsa, da ƙawarki Roseline. Allah ya haɗa fuskokinmu lafiya.

Ni ne yayanki,
Obadiya.