Dabarar Baba Bukar Ce, Ni Na Karɓi Keke

Assalamu alaikum Malam Edita, da masu karatu baki ɗaya. Ku sakaya sunana, kuma don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni ne heluman leburori, wato shugabansu, a wani siton fatu a Fagge, kusa da tashar jirgin ƙasa. Aikinmu ɗaure fatu dila-dila, a loda a tarago. Da can da ƙafa muke tattake su, mutum huɗu kan dila guda, rana ta faɗi ba mu cika rabin tarago ba. Cikinmu akwai wani dattijo, bari in kira shi Baba Bukar, mutumin Barno ne amma ya daɗe a unguwar Kwaciri. Shi ya zauna ya haɗa katako biyu da wani tsohon ƙarfe da ya tsinto a Sabon Gari, sai ga mutum biyu suna danne dila su ɗaure nan da nan. Kafin mako ya zagayo aikinmu ya ninka.

Maigidanmu mai siton ya ja ni gefe ya ce, "Wa ya haɗa wannan?" Baba Bukar yana masallaci, babu mai jin mu. Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe." Wallahi ban san lokacin da maganar ta fito ba. Ya ba ni keke, 'yan'uwana suka ɗauka ladan helumanci ne. Muka zuba ido muna jiran ƙarin albashi, shiru kake ji. Sai ma ya kira ni ofis ya ce yanzu hannu ya yi yawa, in zaɓo mutum shida a sallama. Sunan Baba Bukar na fara sawa, don kada wata rana ya buɗe baki. Shi kuma na ce masa maigida ne ya zaɓa, wai saboda tsufa.

Yau shekara biyu. Maigida ya ta da bene, ya ƙara mota, mu da muka rage albashinmu na nan inda yake, ga hatsi kullum tashi yake. Da na yi maganar ƙari cewa ya yi, "Kai ba ka sami keke ba?" To gumin wa ya gina benen? Ashe na sayar da dattijo ne don wani ya ci riba?

Abin da ya fi ci mini rai, har yau Baba Bukar bai sani ba. Dako yake yi a kasuwa, da furfurarsa. Jiya ya tare ni a hanya ya ce, "Ɗana, kai maigida ke jin maganarka. Ka gaya masa ni na haɗa katakon nan, ko ya tausaya ya ɗauke ni gadi." Na kasa kallon idonsa, na ce to.

In na faɗa, maigida ya gane maƙaryaci ne ni, ga 'ya'ya biyar a gida. In na yi shiru, ranar Juma'a bayan an sauko dattijon nan zai zo ƙofar gidana jin amsa.

Jama'a, me zan yi?