Tallan Kayan Jarirai

Daga Daura

Yaya Sumayya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Katsina. Da hannu na rubuto, direba zai kawo miki, don na daina yarda da wayata.

Yaya, cikin ya zube. Ke kaɗai na taɓa faɗa wa ina da shi. Maigida yana Legas da shanun da suka loda daga Mai'Adua. Kunya ta hana ni gaya masa kafin ya tafi, kin san na fari ne.

Abin da ke ƙara kashe ni, lokacin da nake murna na yi ta leƙa shafukan kayan jarirai. Yanzu ko karatu na buɗe, sai ga tallan 'yan safa da shawul. Jiya har da gadon jariri. Na kife wayar na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Wa ya gaya musu? Me ya sa ba a gaya musu sauran ba?

Ƙanwarki,
Khairunnisa

Daga Katsina

Khairu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar miki da mai albarka. Na yi kuka ni ma.

Babu wanda ya gaya musu, ke kika buɗe ƙofa. Kin tuna ɗan akwatin da ke fitowa da Turanci in kin shiga shafi? Izini yake nema ya ajiye wata alama a wayarki, kukis ake ce mata, da ita ake bin sawunki daga shafi zuwa shafi. Akwai wurin ƙi, amma sukan ɓoye shi can ƙasa. Na san ki, tun kina yarinya ba ki iya ce wa baƙo a'a ba, koren maɓallin amincewa kika yi ta dannawa. Zan zo Juma'a in goge miki su.

Amma tsaya. Ba mijinki Hafizu ne ya saita miki wayar da adireshinsa na imel ba? In haka ne, tallan na iya bin sa har Legas. Ki kira shi yau, kada ki tsaya kunya.

Yayarki,
Sumayya

Daga Legas

Amarya,

Sallama da gaisuwa. Ga ƙullin kaya nan na ba Lawal direban tirela. Na kasa faɗa a waya, shi ya sa na saka takarda.

Ashe haka kike da zurfin ciki? Ni da ban taɓa neman komai a waya ba sai farashin shanu, kwatsam sai tallan kayan jarirai ya cika ta. Na yi ta mamaki, sannan na tuna adireshinmu ɗaya. Wallahi a tsakiyar kasuwar shanu na yi sujada, abokai suna ta yi mini dariya.

Shawul ne da 'yan riguna. Ban faɗa wa kowa ba sai Inna. Na kuma ga wani ɗan rago, zan saya a yi ta kiwonsa kafin suna. Kada ki ɗauki abu mai nauyi.

Naki,
Hafizu

Daga Daura

Maigida,

Ina gaisuwa. Kaya sun iso, sun yi kyau, Allah ya saka da alheri. Inna ta zo ɗazu da fara'arta, na kasa ɗaga ido in dube ta.

Ka yafe mini. Kada ka sayi ragon. Ka dawo gida.

Matarka,
Khairunnisa